Me ya sa kifin da ke hawan kogi yake ƙarewa?

Tambaya: Wani malamin makarantar sakandare daga Dadin Kowa a Jihar Gombe ya aiko da cewa: "Malam, mahaifina masunci ne, kuma tun ina yaro nake jin yana faɗin yadda kifi yake hawan kogin Gongola a farkon damina har ruwa ya yi duhu. Yanzu kuwa abin da ake samu bai wuce ƙananan karfasa da tarwaɗa ba. Na karanta cewa a Amurka ma akwai wani kifi mai suna shad da yake ƙarewa a kogunansu. Shin abin da ya same su ne ya same mu? Idan kuma gwamnati ta zuba irin kifi a dam, lamarin zai gyaru?"

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne, kuma na ji irinsa daga bakin dattawan masunta da yawa a shekarun da na yi ina aikin kula da harkar kamun kifi. Kifin nasu da namu daban ne, amma ciwon da ya kama su guda ne, wato an toshe hanyar da ke tsakanin wurin da kifi yake kiwo da wurin da yake zuba ƙwai. Zuba iri yana da nasa amfani, sai dai ba zai dawo da abin da Baba ya gani da idonsa ba, kuma zan yi bayanin dalili.

Bari mu fara da shad ɗin, tun da shi ya jawo tambayar. Ɗan'uwa ne ga kifin da muke saya a kasuwa da sunan shawa, da kuma bonga da ake bandarwa a Kudu a kawo mana. Yana rayuwa a tekun Atalantika, amma ba ya hayayyafa a ruwan gishiri. Idan sanyi ya wuce ruwa ya fara ɗumi, galibi tsakanin Afrilu da Yuni a arewa maso gabashin Amurka, sai ya taso tuli guda ya shiga kogin da aka ƙyanƙyashe shi, ya yi ta hawa, wani lokaci ɗaruruwan kilomita, har ya kai inda ruwa ya dace da shi. Mace guda takan zuba ƙwai dubu ɗari ko fiye. 'Ya'yan sukan zauna a kogi watanni kaɗan suna girma, sannan su gangara teku, su yi shekara uku zuwa biyar kafin su dawo su ma su yi nasu ƙwan. A kogunan kudancin ƙasar iyayen kan mutu bayan sun zuba ƙwai, amma na arewa da yawansu sukan koma teku su sake dawowa wata shekarar. Ka ga ke nan wannan kifi yana bukatar hanya a buɗe sau biyu, da hawa da sauka.

A shekarar 1896 masuntan gabar gabashin Amurka sun kama fiye da tan 22,000 na shad. Cikin ƙarnin da ya biyo baya adadin ya yi ta raguwa har ya koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamun da ya wuce kima ya taimaka, haka ma dattin masana'antu. A kogin Delaware, kusa da birnin Filadelfiya, ruwan ya gurɓace a tsakiyar ƙarni na 20 har iskar oksijin ta ƙare a wani yanki, ya zama kifi ba ya iya ratsawa, kamar an gina masa katanga. Amma babban abin da ya karya shi madatsun ruwa ne. Kogin Susquehanna yana daga cikin manyan gidajen shad, kuma da aka kammala madatsar Conowingo a 1928, 'yan kilomitoci kaɗan daga bakin kogin, sai kusan duk wuraren zuba ƙwansa suka koma bayan siminti. Jihar Maryland ta haramta kama shi a 1980, Virginia ta bi sahu a 1994, a 2005 kuma aka rufe kamun da ake yi masa a cikin teku kafin ya iso bakin koguna. Duk da wannan hani na shekaru masu yawa, a mafi yawan kogunan kifin bai farfaɗo ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ka lura da shi sosai.

Ba wai sun zauna sun naɗe hannu ba ne. Sun kashe maƙudan kuɗi wajen gina wa kifi tsani a jikin madatsu, da wata na'ura da ke tara kifin a cikin babban akwatin ruwa ta ɗaga shi sama ta juye shi a bayan dam. A Conowingo na'urar ta ɗaga shad kusan 200,000 a 2001, aka yi ta murna, amma cikin 'yan shekaru adadin ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan. Wani bincike da aka fitar a 2013 a kan koguna uku, Susquehanna da Connecticut da Merrimack, ya nuna cewa cikin shad da suka haye madatsa ta farko, ƙasa da kashi 3 cikin 100 ne suke kaiwa ƙarshen tafiya. Dalilin ba boyayye ba ne: shad ba ya tsalle kamar kifin salmon, yana tafiya ne cikin garke, yana kuma gudun wuri mai duhu ko ƙunci, saboda haka kowace madatsa takan rage wani kaso, ta jinkirta sauran har ƙarfinsu ya ƙare. Waɗanda suka haye kuma, da su da 'ya'yansu, sai sun bi ta injinan lantarki a hanyar dawowa. Inda aka ga canji na a zo a gani shi ne inda aka rushe madatsar gaba ɗaya. Madatsar Edwards da ke kogin Kennebec a jihar Maine, wadda aka gina a 1837, an cire ta a 1999, kuma dangin shad sun dawo kogin a miliyoyi.

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar a 2024 ya ce yawan kifayen ruwan daɗi masu ƙaura, a wuraren da aka bi diddiginsu, ya ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020.

Yanzu mu dawo gida. Gongola ba shi da kifin da ke zuwa daga teku, amma yawancin kifayenmu masu daraja matafiya ne. Tekunsu shi ne babban kogi da zurfafan guraben da ruwa ke kwanciya da rani, gidan haihuwarsu kuma fadama ce da ƙoramu. Duk tsawon rani kifi yana maƙale a gurbi, ba ya cin kirki, yana jira. Da ruwan farko ya sauka, sabon ruwa mai launin ƙasa ya fara gangarowa, kogi ya fara tashi, sai jikinsa ya ba shi cewa lokaci ya yi. A nan ne shemani da faliya da tsage da kurungu suke tasowa su fuskanci inda ruwa ke fitowa, tarwaɗa da ramboshi kuma su fantsama cikin ciyawar da ruwa ya shanye, har a inda zurfinsa bai kai gwiwa ba. Bargi ma a cikin irin wannan ciyawa yake gina sheƙarsa. Fadamar da ta sha rana wata shida, da kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye a kanta, da zarar ruwa ya rufe ta sai ta cika da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, ga kuma maɓoya daga giwan ruwa da tsage. Cikin wata uku zuwa huɗu ɗan kifi yakan yi mafi yawan girman da zai yi a shekarar. Idan ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba, sai manya da ƙanana su bi shi su koma kogi.

Saboda haka ne masana suka daɗe da gano cewa a kogunan Afirka yawan kifin da za a kama bana ya danganta da girman cikowar bara da ta bara waccan, kuma kowace hekta ta fadamar da ruwa ke rufewa takan ba da kimanin kilo 40 zuwa 60 na kifi a shekara. Tsofaffin masunta sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Idan suka ga ruwa ya hau fadama ya daɗe, sukan ce baɗi akwai kifi.

To, dubi Gongola a yau. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya bi ta Nafada, sannan ya karkata kudu ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A da, kifin da ya yi rani a Binuwai yana iya hawa wannan hanya ba abin da ya tare shi. A 1982 aka kammala madatsar Kiri a can ƙasa, a cikin shekarun 1980 ɗin nan kuma aka datse kogin a Dadin Kowa, tafkin da ke ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8. Binuwai kansa an datse shi a Lagdo ta ƙasar Kamaru a 1982. Kogi guda ya zama gida uku, kowane da ƙofarsa a rufe. Lissafa shekarun da Baba yake ba da labari, za ka tarar kafin wannan lokaci ne, ko kuwa 'yan shekarun farko bayansa.

Madatsa tana cutar da irin wannan kifi ta hanyoyin da suka wuce tare hanya. Tana riƙe ruwan farkon damina domin ta cika tafkinta, sai alamar da kifin da ke ƙasan madatsar yake jira ta makara ko ta ƙi zuwa. Tana rage tsayin cikowa, sai fadamun da ke ƙasa su daina shan ruwa, manoma su mayar da su gonaki na dindindin. Wata shekarar kuma sai a saki ruwa da yawa farat ɗaya saboda tafki ya cika, a rufe bayan 'yan kwanaki, kifi ya bi ruwan ya zuba ƙwai a fadama, kafin su ƙyanƙyashe ruwan ya janye ya bar su a tabo. An ga wannan a kogin Neja: bayan rufe madatsar Kainji a 1968, kamun kifi tsakanin Jebba da Lokoja ya faɗi da kusan rabi cikin 'yan shekaru.

Adalci ne a faɗi cewa tafkin dam yana samar da kifi, kuma dubban mutane suna ci daga na Dadin Kowa, ban da ruwan sha da birnin Gombe ke samu, da noman rani, da lantarki. Sai dai kifin tafki daban ne da na kogi. Karfasa tana son ruwa mai kwanciya, tana haihuwa sau da yawa a shekara, tana kuma fara yin ƙwai tun tana ƙarama idan kamu ya yi mata yawa. Tarwaɗa kuwa ba abin da ba ta jurewa. Shi ya sa su biyun suka rage a kwandon masunta, masu bukatar doguwar tafiya kuma suka yi ƙaranci.

Akwai kuma laifin da yake namu, wanda ba dam ya jawo shi ba. Wani watan Agusta na tsaya a ƙasan wata madatsa na ga kifi ya taru a bakin ƙofofin ruwa yana ta bugun siminti, masu birgi suna ta jefawa suna cika kwale-kwale. Jama'a suna ta hamdala da wannan arziki, ni kuwa da na matsa cikin kaɗan daga cikinsu sai na ga kusan kowace mace cike take da ƙwai. A yini guda aka kwashe kifin shekara uku masu zuwa. Haka dumba take yi, wato jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan a mashigar fadama, yadda babu abin da zai shiga ko ya fita; ta yaɗu sosai a yankin Tafkin Chadi da kogin Yobe. Ga masu jan taru da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ga masu zuba guba irin su Gamalin a gurbi da rani, a daidai wurin da iyayen baɗi suka fake, su kashe babba da yaro, su kuma sayar wa mutane abin da zai cuce su. A ganina wannan na ƙarshe ya fi kowanne muni, domin gurbin rani shi ne rumbun iri na kogi.

Game da zuba iri, Amurkawa sun ƙyanƙyashe shad a gidajen ƙyanƙyasa tun ƙarni na 19, sun zuba ɗaruruwan miliyoyi a koguna. A inda hanya take a buɗe kuma ruwa ya gyaru, kamar kogin Potomac, ya taimaka. A Susquehanna kuwa, an shafe shekaru ana zubawa, madatsu huɗu suna cinyewa. Mu a nan, abin da gidajen ƙyanƙyasarmu suka ƙware a kai tarwaɗa ce da karfasa, wato ainihin waɗanda ba su ƙare ba. Idan an zuba su a ƙaramin dam ko tabkin gari, za a samu ƙarin abinci, kuma ina goyon bayan haka. Amma ba zai dawo da shemani ko faliya ba, kuma idan ana zuba tarwaɗar kandami barkatai tana haɗuwa da ta daji, ana iya raunana irin da ya saba da koginmu.

Abin da na ga ya yi aiki a ƙasa mai kama da tamu shi ne na Bangaladash. Suna da nasu ɗan'uwan shad mai suna hilsa, wanda shi ne kifin da ƙasar take alfahari da shi. Madatsar Farakka da Indiya ta buɗe a kogin Ganga a 1975 ta yanke masa hanya a can sama, kamu kuma ya yi masa yawa a ƙasa, har abin da ake samu ya sauko kusan tan 200,000 a wajen 2003. Sai gwamnati ta hana kama shi kwana 22 a kowace shekara a wajen watan Oktoba lokacin da yake zuba ƙwai, ta hana kama 'ya'yansa na tsawon watanni, ta keɓe wasu sassan kogi da ba a taɓawa a wani lokaci. Abin da ya sa dokar ta zauna shi ne ana raba wa iyalan masunta shinkafa a watannin hani. Zuwa 2020 abin da suke kamawa ya haura tan 500,000 a shekara. Masunci mai iyali ba zai rataye komarsa wata biyu yana kallon ruwa ba sai an ba shi abin da zai sa a tukunya, kuma duk jami'in da ya taɓa ƙoƙarin ƙwace raga a hannun mai jin yunwa ya san haka.

Misali na biyu a maƙwabta yake. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta hana ruwan Logone hawa babbar fadamar Waza, kifi ya ragu, makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa wani sashe na shingen aka bar ruwa ya koma hanyarsa ta dā, kuma kifi da ciyawa suka dawo a yankin da ruwan ya kai. Ba a rushe dam ɗin ba. Wannan ne ya dace da mu, domin babu mai hankalin da zai ce a rushe Dadin Kowa. Abin nema shi ne a sa kifi cikin lissafin masu buɗe ƙofofin ruwa, a riƙa sakin cikowa a kan kari, ta tashi a hankali, ta daɗe makonni, ta sauka a hankali. Tsanin kifi kuwa ba na ɗora masa buri sosai. Akwai shi a madatsar Markala ta ƙasar Mali tun shekarun 1940, amma ya yi wa tarin kifin da ke hawan Neja kaɗan.

Mutanen Bauchi su ma maganar ta shafe su. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a datse ba cikin masu shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canza tafiyar kogin Haɗeja, kacalla ta toshe magudanai. An daɗe ana fara aikin madatsar Kafin Zaki ana dakatarwa. Ina fahimtar masu son a kammala ta, domin suna bukatar noman rani. Ra'ayina shi ne, idan za a yi, a tsara ta da ƙofofin da za su iya sakin cikowa ta gaske, a kuma rubuta adadin ruwan da lokacinsa tun kafin a zuba siminti, da sa hannun mutanen Katagum da na Yobe da ke ƙasa.

Doka kuwa muna da ita. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai ga masu kamun ƙananan kifi na musamman, ta kuma ba jihohi ikon rufe wani ruwa na wani lokaci. Jami'an da za su tsare kowace mashiga ne babu, kuma ba za a taɓa samun isassu ba. Wanda yake kwana a bakin ruwa shi ne sarkin ruwa da jama'arsa. Bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, yana samun manyan giwan ruwa ne saboda ana hana kamun kifi a Matan Fada, wato ruwan da ake bikin a cikinsa, duk shekara sai ranar biki, kuma kafin zuwan ma'aikatu garuruwa da yawa suna da tabkin da ba a shiga sai mai gari ya ba da izini.

Idan kana son ka fara wani abu a Dadin Kowa, ga abin da zan ba ka shawara. Ku zauna da sarkin ruwa da shugabannin masunta, da masu sayen kifi domin su ne kasuwar 'ya'yan kifi, ku amince a kan abu uku da za a iya tsarewa: kada a kama kifi a ɗan yankin da ke ƙasan ƙofofin dam daga Yuli zuwa Satumba, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kowace mashiga a buɗe, a kuma keɓe gurbi ɗaya ko biyu masu zurfi da ba a taɓawa da rani. Sannan ka ɗauki littafi ka zauna da Baba da sa'o'insa, ka rubuta sunan kowane kifi da suka sani, da watan da yake hawa, da ƙoramar da yake shiga, da shekarar da suka daina ganinsa. Ka sa ɗalibanka su riƙa zuwa bakin ruwa sau ɗaya a mako suna rubuta irin kifin da aka fito da shi da tsawonsa. Bayan damina biyu ko uku za ku sami abin da za ku ajiye a gaban hukumar da ke kula da madatsar, da ma'aikatar gona ta jiha, ko ku aika wa cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke New Bussa, ku ce ga makonnin da muke roƙon a sakar mana ruwa.